Dalilin da Ya Sa Rijiya Take Mayar da Magana

Ku matso kusa, yara, ku ji dalilin da ya sa in kun leƙa rijiya mai zurfi kuka yi magana, take maido muku da maganarku. Da can ba haka take ba. In babba ya yi magana a bakin rijiya, shiru yake ji, maganar ta faɗa ruwa ta nutse kamar tsakuwa. In kuwa yaro ne, amsa yake samu, amsa ta gaske.

A wani gari da ake kira Kwarin Kanya akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gari. Bakinta daidai yake da ƙasa, ba gini, sai itatuwan da aka gicciya, waɗanda igiyar guga ta ci har suka yi santsi. A cikinta akwai wata 'yar halitta da yara ke kira Ɗan Tsundum. Ba wanda ya taɓa ganinsa sosai. Wasu sun ce bai fi tulu girma ba, wasu sun ce gemunsa kore ne kamar gansakuka. Muryarsa kawai aka sani, 'yar siririya mai sanyi.

Da hantsi, in mata sun gama ɗiban ruwa sun watse, sai yara su zo su kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, su ce, "Tsundum, Tsundum, kana ciki?"

Shi kuma ya ce, "Ina ciki. Wa ya zo?"

Daga nan sai hira. Ya yi musu kacici-kacici, ya gaya musu abin da kwaɗi suka tattauna jiya, ya tambaye su yadda akuya take, don shi bai taɓa ganin komai nata ba sai haɓarta. Manya ba sa jin sa. Su da guga suke zuwa, cikin sauri, bakinsu cike da zancen gona da na kasuwa, muryarsa kuwa ba ta iya ratsa wannan hayaniya. In yaro ya ba su labari sai su yi dariya su ce shirmen ƙuruciya ne.

A garin akwai wata mata, Malama Kuluwa, wadda ke koya wa ƙananan yara karatu a ƙarƙashin rumfar gidanta. Mace ce mai haƙuri, ba ta duka, kuma ba ta ƙarya ko da wasa. In gardama ta tashi tsakanin yara, da zarar ɗaya ya ce, "Malama ce ta faɗa," magana ta ƙare. Ta sha jin zancen Ɗan Tsundum a bakinsu. Ba ta taɓa cewa akwai shi ba, ba ta kuma taɓa cewa babu ba. A ranta dai ta ɗauka wasan yara ne, in sun girma za su bari.

Cikin ɗalibanta akwai wata 'yar ƙarama, Talle, wadda uwarta ta rasu da damina, kakarta Iya Ladingo ke riƙon ta. Tun rasuwar, Talle ba ta da wurin zuwa sai rijiya. Takan jira sauran yara su tafi, sannan ta sunkuya ta yi ta raɗa. Ta gaya masa Iya ba ta iya kitso kamar Innarta ba, tana ja mata gashi. Ta gaya masa ta fara manta muryar Innarta. Shi kuma yakan saurara, wani lokaci ya ce, "Sai kuma me ya faru?" Da ta tashi daga nan sai a ga ta sake, ta ci abinci, ta yi wasa.

Wata rana Malama Kuluwa ta biyo ta hanyar rijiya za ta gidan wata mai jego. Ta hango Talle ta zura rabin jikinta a ciki, don abin da take son faɗa a ranar na raɗa ne ƙwarai. Kafin Malama ta buɗe baki, hannun yarinyar ya zame a kan itacen nan mai santsi. Malama ta yar da ƙwaryar da ke kanta, ta yi tsalle ta cafko bakin zanenta, ta fizgo ta. Suka zube tare a ƙasa. Talle ba ta ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa.

Washegari ta tara yaran, ta sa suka ajiye allunansu. Ta ce, "Yau ba karatu za mu fara da shi ba. Ku saurare ni. Babu wani Ɗan Tsundum. Ba komai cikin rijiyar nan sai ruwa da kwaɗi."

Yaran suka dubi juna. Wani ya ce, "Malama, to wa ke amsa mana?"

Malama ba ta shirya wa wannan tambaya ba. Ta yi ɗan tunani, ta faɗi abin da hankalinta ya fi kwanciya da shi. Ta ce, "Muryarku ce. Ita ke sauka ta bugi ruwa ta dawo muku."

Talle ta ɗago kai, ta ce, "Malama, duk abin da na faɗa, ba wanda ya ji?"

Tambayar ta soki Malama, amma ta tuna yadda ƙafafun yarinyar suka tashi sama jiya. Ta daure ta ce, "Ba kowa a ciki, Talle."

Tunda Malama ce ta faɗa, magana ta ƙare. Yara suka daina zuwa rijiya. Manyan cikinsu ma har suka fara yi wa ƙanana dariya, suna cewa su dama sun sani. Malama ta ji sanyi a ranta, ta ce ta raba su da haɗari.

Sai dai Talle ta daina magana. Ba kuka take yi ba, ba rigima. Ta zo makaranta ta zauna da allo a cinya, in an biya mata ta bi da ido. A gida a sa mata tuwo ta tsakura ta ture. Ba a jima ba kuma mata suka fara ƙorafi cewa ruwan rijiya ya yi zartsi, ba ya kashe ƙishi, sabulu ba ya kumfa da shi.

Ran nan da yamma sai ga Iya Ladingo ta shigo gidan Malama, tana dogara sanda. Ko tabarmar da aka shimfiɗa mata ba ta kalla ba.

Ta ce, "Kuluwa, me kika yi wa jikata?"

Malama ta ce, "Iya, gaskiya na gaya mata. Da idona na ga ta kusa faɗawa."

"Na sani, Allah ya saka miki. Kin tsamo min ita. Amma da kin ce kada su leƙa, ai da ya isa. Wa ya aike ki ki ce ba kowa?"

"Iya, in ban faɗa ba za su koma. Kuma ni malama ce. Yau in na bar su da abin da babu, gobe da wane baki zan koya musu abin da yake akwai?"

Tsohuwar ta ce, "Ni ban yi karatu ba. Abin da na sani, yarinyar nan tana da wurin da take sauke kayanta, kin toshe shi, ba ki ba ta wani ba. Ke kin faɗi gaskiyarki kin huta. Ni ce nake kwana da ita." Ta juya ta fita.

Maganar ta tsaya wa Malama a rai. Ta juya ta, ta sake juyawa, ba ta ga inda ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ga inda tsohuwar ta yi kuskure ba. Washegari da rana tsaka, lokacin da ba kowa a waje, ta yafa mayafi ta nufi rijiya, hannu sake, ba guga ba tulu. Ita kanta ba ta san abin da za ta yi a can ba. Ta duba gabas da yamma kada wani ya gan ta, mace da girmanta, sannan ta durƙusa. Kunya ta kama ta. Can dai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tsundum, Tsundum, kana ciki?"

Shiru. Har ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji wata 'yar murya, a dishe kamar ta wanda ya sha kuka.

"Ina ciki. Wa ya zo? Tsaya, na san muryar nan. Kuluwa ce? Kuluwa mai tsoron ƙadangare?"

Malama ta zauna daɓas. Nan take ta tuna. Ita ma ta taɓa kwanciya a nan tana yarinya, ta taɓa ba shi labarin yadda ƙadangare ya faɗo mata a ka. Da ta girma ta fara zuwa da guga, sai abin ya dushe, har ta ɗauka ita ce ta ƙirƙira.

Ta ce, "Ashe kana nan. Wayyo ni, na yi wa yara ƙarya ban sani ba! Yanzun nan zan je in tara su in ce na yi kuskure."

Ɗan Tsundum ya ce, "Kada ki je tukuna. Ran da yarinyar nan ta zame, ina ƙasa ina kallo. Hannuwana gajeru ne, Kuluwa. Da ta faɗo, ba zan iya fid da ita ba. Na yi kuka don sun daina zuwa, shi ne ruwan ya ɓaci. Amma na fi yin kuka da na gane hirata ce ke jawo su bakin rami. In kika ce ina nan ina magana, gobe duk za su dawo, kowa na son ya fi wani sunkuyawa."

"To in bar Talle haka? Ta daina magana. Kuma ni ba zan iya sake kallon idonta in ce babu kai ba."

Ruwan ya ɗan motsa. Sannan Ɗan Tsundum ya ce, "Me kika ce musu da suka tambayi mai amsawa?"

"Na ce muryarsu ce ke dawowa."

"To, daga yau ita ce za ta dawo. Na bar kacici-kacici, na bar labarin kwaɗi. Duk abin da yaro ya faɗa zan saurara, in miƙo masa ƙarshensa. Wanda ya ƙoshi da bayaninki zai ce muryarsa ce, ya tafi wasansa, kuma bai yi kuskure ba. Wanda yake bukatar a ji shi zai gane an ji shi."

Malama ta ce, "Kai fa? Hirar nan ita ce duk abin da kake da shi."

Ya ce, "Dama yawancinta saurare ce. Amma ke ma da naki. Ki sa a ɗaga bakin rijiyar nan. Kuma in ƙaramin yaro ya tambaye ki ko ina nan, kada ki yi saurin yanke masa. Ki fara jin abin da ya sa yake tambaya."

Ta ce ta yarda. Ta tashi tana share ido da bakin mayafi. Ta je wurin mai gari ta ba shi labarin zamewar Talle, aka sa magina suka ɗaga bakin rijiyar da dutse da laka har ya kai ƙirjin yaro. Ruwan kuma ya koma daɗinsa.

Da aka gama, Malama ta je gidan Iya Ladingo ta ce a ba ta aron Talle. Ta riƙo hannunta har bakin rijiya, ta ɗaga ta, ta rungume ƙugunta gam. Ta ce, "Yi magana. Ina riƙe da ke."

Talle ta kalli ruwan can ƙasa. Ta daɗe tana leƙensa. Malama ba ta matsa mata ba, ko da yake hannuwanta sun fara gajiya. Can yarinyar ta buɗe baki, da muryar da ta kwana biyu ba ta fita ba, ta ce, "Kana nan?"

Daga ƙasa aka ce, "Ana nan."

Talle ta waiwayo da sauri. "Malama, muryata ce, ko shi ne?"

Malama ta ce, "Ke me kika ji?"

"Na ji an ce ana nan."

"Ni ma abin da na ji ke nan."

Talle ta sake juyawa ga rijiyar, ta fara ba da labari, tun daga ƙujewar gwiwarta. Malama ta gyara riƙo, ta tsaya har ta gama.

Shi ya sa har yau, in kuka yi wa rijiya magana, ba ta ƙara muku ko kalma ɗaya, ƙarshen taku take miƙo muku. Shi ya sa kuma malamin da ya san aikinsa, in ƙaramin yaro ya tambaye shi ko akwai wani a ciki, zai gaya masa muryarsa ce ke dawowa, amma ba ya saurin cewa ba kowa. Yakan riƙe masa hannu tukuna, ya ce, "Kai me ka ji?"