Yadda Nonon Kurciya Ta Samu Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho ta bayan danga.

Ta shigo mu ji ta.

Kurciya ce shaho ya ɗauke wa miji. Ko mai zuwa gaisuwa ba ta samu ba. Ta ɗauki ɗanta da bai gama fitar da gashi ba, ta bar dajinsu, har ta iske wani kango a bayan gari. Gidan wata tsohuwa ne, Inna Yalwa, da ta rasu. A bayan ɗaki akwai garka, ganye kore shar, babu mai tsinka.

To, shukokin garkar nan ba sa ba kowa ko ƙwayar iri sai wanda ya gaishe su da sunansu. Haka tsohuwar ta sabar musu. Kurciya kuwa 'yar daji ce, ba ta san kowa ba. Ga ɗa yana kukan yunwa.

Akwai Kurege a gindin danga. Tun rasuwar tsohuwa shi kaɗai yake cin garkar, kuma ba ya son abokin ci.

Ya ce, “Maraba da baƙuwa. Kin ga mai jan karan can? Rama ke nan.” Alhali Yakuwa ce.

Kurciya ta rusuna. “Ina kwana, Rama?”

“Wa? Na yi miki kama da abin da ake tufka igiya da shi? Matsa.” Ta naɗe ganyenta.

Washegari Kurege ya ce, “Rana ce ta haske mini ido jiya. Je wurin wancan, Karkashi ne.” Alhali Lalo ne.

“Ina kwana, Karkashi?”

“Don dai muna yauƙi tare sai muka zama ɗaya? Wuce, 'yar nan.”

Da gari ya sake wayewa Kurege ya ce, “Yau kam na wanke ido. Wanda ya kwanta a kan danga, Duma ne.” Alhali Kabewa ce.

“Ina kwana, Duma?”

“Ni da ake taushe da ni, ki haɗa ni da mai ɗacin nan da sai ya bushe ake fafe shi?” Ta ja 'ya'yanta ƙarƙashin ganye.

Kurciya ta koma gindin katanga ta zauna. Garka cike da jama'a, ba mai kallonta. Ɗan ya daina kuka, ya buɗe baki kawai.

Nan ta ga wata 'yar ciyawa a tsagar ƙasa, ta kwanta lifet. Kurciya ta ce, “Sannu, baiwar Allah. Na daina karɓar sunan wani a bakin wani. Wace ce ke?”

Ciyawa ta ce, “Ba a taɓa tambayata ba. Ba ni da suna. Inna ba ta shuka ni ba, iska ce ta jefo ni. Kullum da safe ina jinta tana bin su ɗaya ɗaya: Yakuwa mai jan kara, Lalo, Kabewa ta kan danga. Sai ta tsallake ni.”

“Ashe ke ma baƙuwa ce.”

“Na dai riga ki zuwa. Karya mini reshe ki ba yaron.”

Kurciya ta karya. Wani farin ruwa ya ɗigo kamar nono. Ta ɗura wa ɗan, ya haɗiye, ya buɗe ido.

Da safe ta bi garka ta gaishe da kowa da sunansa. Yakuwa ta ce, “Yanzu kika yi magana,” ta zubo mata iri. Kurege ya leƙo, Kabewa ta ce, “Ina kwana, Ɓera?” Ya shige rami.

Ɗan ya girma, ya yi fiffike, ya tashi. Bai dawo ba, haka 'ya'yan tsuntsu suke. Kurciya ta rage ita kaɗai a kangon. Ta je gindin katanga ta ce, “Ba ni da abin ba ki sai sunana. Ke kika shayar da shi, ba ni ba.”

Shi ya sa har yau ake ce wa ciyawar nan nonon kurciya, kuma ba ta fitowa a tsakiyar kunya, sai a gefe, inda baƙi ke zama. In kun je sabon wuri, ku tambayi mai suna sunansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Kurege ya riga ni ba, da na yi muku ƙarya.