Ƙofar da Ya Ƙi Rufewa a Manhajar Asibiti

An yi wani mutum a Gumel, matashi mai hannu a harkar kwamfuta. Shi ke kula da saba, wato babbar na'urar da ke ɗauke da manhajar wani asibitin kuɗi. Ta manhajar mata ke rubuta wa likita abin da bakinsu ba zai iya furtawa ba.

Idan mace ta shiga da lambar sirrinta, sabar kan ba wayarta wata shaida da za ta riƙa gane ta da ita har ta fita. Sai sabar ta fara rikita shaidun. Mace ta buɗe wayarta a Ɗanzomo, ta tsinci kanta a shafin wata 'yar Maigatari.

Likita ya kira shi hankali a tashe. Ya bincika, ya gano inda matsalar take. Gyaran bai fi aikin shan shayi ba.

Amma ya ga wani abu. Ta wannan ɓarakar yana iya shiga shafin duk wadda ya ga dama, babu mai ganinsa. Ya leƙa sau ɗaya. Ya sake leƙawa. Ya karanta ciwon matan maƙwabtansa yana murmushi.

Da likita ya tambaye shi, sai ya ce, "Wallahi na gyara, ranka ya daɗe. Abin da ya rage matsalar netwok ce."

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan rantsuwa. Allah ya hana mu bin diddigin asirin juna, shi kuwa ya haɗa da rantsuwar ƙarya. Ya manta ɓaraka ba ta zaɓen wanda za ta tona?

Yana da amarya, Mahbuba, wadda yake so kamar ransa. Ita ma ta rubuta wa likita wata lalura da kunya ta hana ta gaya wa ko da mahaifiyarta. Shi bai ma san tana cikin manhajar ba.

Wata rana shafinta ya buɗe a wayar wata mai abinci a Gagarawa Tasha. Aka karanta a bainar direbobi, da sunanta da hotonta. Kafin la'asar maganar ta iso Gumel.

Da ya koma gida, ya tarar da Mahbuba zaune da mayafinta, idanunta sun bushe.

"Likita ya ce ka rantse ka gyara," in ji ta. "Ka gyara?"



Ta tafi gidansu ba ta waiwaya ba. Asibiti suka kore shi. Yau ko waya babu mai miƙa masa ya duba, mazan unguwa kuwa ba sa amsa sallamarsa.

Ya 'yan uwa, amana ba a aljihu kaɗai take ba. Wanda aka ba ƙofa ya rufe ya bar ta a buɗe don ya leƙa, ya sani iyalinsa ma a bayanta suke.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ya kiyaye mu.