Gahawar Korau da Gonar Iya Hansatu

Dalilin da ya sa a garinmu na Rafin Marke ake cika wa mutum kofin silba da shayi har ya ce ya ƙoshi, amma in gahawa ce sai a ɗiga masa a ɗan finjalin da bai fi ɓawon ƙwai ba, ba rowa ba ce, yara. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A da, mutanen garin nan ko sunan gahawa ba su sani ba. Shayi kaɗai suka sani, shi ma a wurin mutum ɗaya, wani mai shayi da ake kira Tunau, wanda rumfarsa take gindin tsamiyar bakin kasuwa. Tunau mutum ne mai son sanin abu. In ya ga ganye ko saiwa da bai sani ba, sai ya shinshina, ya ɗanɗana, ya jefa a buta ya ga abin da zai faru. Ta haka ya gano citta da kanumfari suna gyara shayi. Ta haka kuma ya taɓa zuba wa mutane shayin ganyen maɗaci, suka yini suna tofar da yawu. Duk da haka ba wanda ke tafiya gona da safe bai biya ta rumfarsa ba.

Tunau yana da yaya, sunansa Korau. Tun suna samari Korau ya bi ayarin masu tafiya aikin hajji a ƙafa, ya yi gabas, aka shekara ashirin ba labarinsa. Mahaifinsu ya rasu, Tunau ya ci gaba da noma gonar gado shi kaɗai. Rannan da farkon damina sai ga Korau ya shigo gari, ya yi furfura, ya rame, ba shi da komai sai sanda da wata jakar fata ɗaure da igiya. Ya ce bayan ya sauke farali ya zauna a ƙasar Sudan yana aikin auduga. Bai ƙara komai a kan wannan ba, mutane kuma suka lura ba ya son tambaya.

Tunau ya share masa ɗaki. Da yana ɗaga jakar zai rataye ta, sai ya ji wani abu na motsi a ciki kamar tsakuwa. Ya tambaya, Korau ya ce 'ya'yan gahawa ne. Can gabas, in ji shi, ita ake sha kamar yadda ake shan shayi a nan, ana soyawa, a daka, a dafa, kuma tana korar gajiya.

Tunau ya ce, "Yaya Alhaji, mu dafa mana in ji."

Korau ya karɓi jakar ya rataye da kansa, ya ce, "Ba yanzu ba."

Kwana uku Tunau ya sake tambaya, ya sami amsa iri ɗaya. Bayan mako ya kuma, haka. Abin ya tsaya masa a rai. Yana firfita gawayi yana tunani: ta yaya ƙwaya za ta yi aikin ganye? Ta fi shayi daɗi ne, ko ta fi shi ƙarfi? Da madara ake sha? Can ƙasan zuciyarsa kuma akwai ɗan haushi. Shekara ashirin yana riƙe da gida, ga shi an hana shi ɗanɗana abin da bai fi cikin jaka ba.

Wata Laraba Korau ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, zai kwana can. Tunau ya shiga ɗakin ya kwance igiyar. Ya ga ƙwayoyi masu ruwan toka-toka da ɗan kore, kowace da tsaga a tsakiya. Ya jefa ɗaya a baki, ta kusa karya masa haƙori, ba ta da ɗanɗanon komai. Ya ɗebi kaɗan ya zuba a kasko a kan gawayi yana juyawa. Suka yi ja, suka yi baƙi, suka fara fashewa, sai wani ƙamshi ya tashi wanda bai taɓa jin irinsa ba, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar me ake toyawa. Ya daka a turmi, ya dafa, ya kurɓa sau biyu. Ɗaci ya kama masa harshe, amma kafin ya wanke kaskon sai ya ji idonsa ya buɗe tar, ciwon bayan da ya tashi da shi ya manta da shi.

Ya zauna yana auna su biyun. Shayi, ya ga, yana shiga jiki a hankali, ya ɗumama ciki, ya kwantar da mutum. Ita kuwa wannan kai take fara hawa, ta tashe ka tsaye. Sai wata dabara ta faɗo masa.

Washegari ranar gayya ce a gonar Iya Hansatu. Tsohuwa ce da ba ta da mai noma mata, duk shekara mazan gari ke taruwa su yi mata noman farko, abin da gonar ta bayar shi take ci har wata damina. Tunau ya ce a ransa, in kurɓi biyu sun yi masa haka, kofi cikakke zai sa a gama gonar kafin rana ta take. Iya za ta ji daɗi, gari kuma zai san Tunau ya zo da sabon abu. Ya koma ɗakin ya juye fiye da rabin jakar, ya soya, ya daka, ya cika babbar tukunyarsa, ya bar ta ta tafasa har ta yi kauri, ya zuba sukari don ya kashe ɗacin.

Tun hantsi bai yi ba maza wajen talatin suka taru a rumfa da fartanyoyinsu, ko karin kumallo ba su yi ba. Tunau ya cika wa kowa kofin silba kamar yadda ya saba yi da shayi. Wasu suka yamutsa fuska, amma da ya ce daga gabas ta zo, ƙasar alhazai, suka shanye. Nomau makaɗi, wanda zai yi musu gangar noma, ya ce ta yi masa daɗi, ya miƙa kofi aka ƙara masa.

Tunau ya bi su gonar don ya ga aikin gahawarsa. Da farko abin ya burge shi. Maza suka jera, ganga ta tashi, ƙasa na tashi, ba mai miƙewa ya huta. Sai ya lura kiɗan Nomau yana ƙara sauri. Hannun makaɗin rawa yake yi, ya kasa riƙe shi, su kuma manoma ganga suke bi. Lokacin gero bai wuce taƙi ɗaya ba, ganyensa da na ciyawa sai mai natsuwa ke bambantawa. Ranar kuwa ba mai natsuwa a gonar. Fartanya ta dinga sauka a kan duk abin da yake kore. Tunau ya ruga yana ɗaga hannu yana cewa a dakata, amma ba wanda ya ji shi. Wani ya taka ƙafar wani, suka hau cacar baki. Wani dattijo ya zauna a kan kunya ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa na neman tsinkewa.

Kafin rana ta take an gama, kamar yadda Tunau ya so. Iya Hansatu ta iso da ƙwaryar fura a ka. Ta tsaya a bakin gonar ta duba. Gefe ɗaya kaɗai gero ya tsira, sauran duk yana kwance tare da ciyawa, rana ta fara yanƙwana shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta sauke ƙwaryar, ta sunkuya ta ɗauki wani tsiro ta juya shi a hannu, ta ce musu su sha fura, ai sun gaji. Tunau ya ji da ma zaginsa ta yi.

Da la'asar Maigari ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Korau ya dawo daga tafiya ya tarar da gari na maganarsa, ya zo ya zauna a gefe. Tunau ya faɗi gaskiya, bai ɓoye komai ba. Mutane suka ce abin maye ne, a zubar da sauran a rafi, a kuma rufe rumfar Tunau tunda ya mai da cikin jama'a wurin gwaji. Maigari ya kusa yanke haka, sai Korau ya nemi izinin magana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin maye ba ne. Shekara goma sha biyar ina sha kullum. Ƙanena ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya yi laifi. Amma sau uku ya roƙe ni in koya masa na ƙi, don haka laifin namu ne mu biyu."

Ya ce a gonar mahaifinsu gero ya tsaya da kyau, Iya ta ɗauki rabinta na bana, su kuma su karɓi wadda aka ɓata su shuka wake. Sannan ya roƙi a bar shi ya dafa gahawar sau ɗaya yadda ake dafa ta, in dattawa sun sha ba su yarda ba, shi da kansa zai kai ta rafi.

Tunau ya kawo gawayi da kasko. Korau ya ɗebi ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba, ya soya a hankali, ya zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshi, ya daka da 'yar citta, ya dafa. Daga aljihun rigarsa ya fito da wasu ƙananan finjalai naɗe a tsumma. Dattawa suka yi dariya da suka ga girmansu. Ya ce kowa ya zauna sosai, a kawo ɗan abin taɓawa, kada a sha da cikin wofi, kuma a kurɓa, kada a kwankwaɗa. Suka sha. Ba wanda hannunsa ya yi rawa. Hira ta ɓalle a hankali, har Maigari ya tuno wata rigimar iyakar gona da ta daɗe tana damunsa, aka warware ta a zaman.

Tunau yana durƙushe kusa da yayansa yana riƙe da tsumman finjalan. Ya rage murya ya tambaye shi abin da ya sa ya hana shi tun farko, tunda abin bai fi haka wuya ba.

Korau ya ce, "Na yi aure a can. Ita take dafa mini kowace safiya. Wannan jakar ita ta saya, mako ɗaya kafin ta rasu. Ina tsoron in na buɗe za ta ƙare."

Tunau ya dubi jakar da ya juye fiye da rabi a tukunya ɗaya, hawaye suka zubo masa. Korau ya tsiyaya sauran gahawar a finjali ya miƙa masa, ya ce ya sha, da tana nan ita ma da ta ba shi.

A nan Maigari ya yanke magana. Ya ce ba za a kori gahawa ba, ba kuma za a rufe rumfa ba, amma kowanne da wurinsa. Shayi na safiya ne da tafiya aiki, a cika kofi, a sha ko a tsaye. Gahawa kuwa ba za a ƙara zuba ta a abin da ya fi finjalin Korau girma ba, ba a shanta sai a zaune, sai kuma mutum ya ci wani abu, kuma ba a ba makaɗi ita ranar gayya. Nomau ya ce shi ko an ba shi ma ba ya so.

Iya Hansatu ta ci geron gonar su Tunau a shekarar. Jakar ta ƙare kafin kaka, amma Tunau ya sa fatake suka dinga kawo wata daga gabas, Korau kuma ya koma zama a rumfar yana dafa wa dattawa bayan azahar, har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ya sa har gobe a Rafin Marke, in ka je wurin mai shayi da sassafe za a cika maka kofi ka wuce harkarka. In kuwa ka ce gahawa kake so, sai a jawo maka benci, a tambaye ka ko ka ci abinci, a ɗiga maka a finjali, sannan mai rumfar ya zauna kusa da kai ya tambayi lafiyar mutanen gida.