Kwarin da Babu Tsohuwar Bishiya

Masu riƙe da labaran fatake sun ce, a zamanin da masu safarar goro suka gaji da tafiyar ƙasa suka fara gwada ta ruwa, an yi wani madugu ana ce da shi Arzika. Jirgin da ya ɗauko shi da ayarinsa, maza da mata da 'ya'yansu, ya bugi dutse a teku ya tsage. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, igiyar ruwa ta watsa su a bakin wani tsibiri mai baƙin yashi. Masu jirgin suka duba katakon da ya rage, suka ce komawa gida sai wani ikon Allah. Arzika ya ce to, a nemi wurin kafa gari kafin damina.

Tsibirin dutse ɗaya ne babba, kansa na fitar da siririn hayaƙi, kamar gidan da aka ɗora girki ba a sauri. Arzika ya ɗauki sandarsa ya zaga shi, yana duban kome da idon ɗan kasuwa. Ya ratsa wani fili na baƙin dutse mai kama da ƙanzon tukunya, wanda ya cinye masa takalmi, ya ce wannan ganuwa ce da ba sai an gina ba. Ya tarar da maɓuɓɓuga tana tafasa, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya ce mata sun huta da neman itace. A bakin ramukan da tururi ke fita ya ga farar wuta ta daskare, ya ce akwai mai saye. Ya jefa wani farin dutse a ruwa, dutsen ya ƙi nutsewa, ya sa shi a aljihu don goge kaushi. Gefen tsibirin da iska ke bugawa kuwa bai tsaya ba, don babu kome can sai tsakuwa da karkatattun itatuwa masu kama da tsofaffin da ciwon baya ya tanƙwara.

A gindin dutsen ya sami abin da yake nema: wani kwari mai baƙar ƙasa lallausa, ga rafi, ga itatuwa miƙaƙƙu, kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kowace ta isa dirka. Ya ce nan ne gari. Ya sa a kamo dabba a yanka a yi sadaka, aka kawo masa wata tsohuwar akuya da aka kama a gefen iska.

Ana wasa wuƙa, akuyar ta dubi Arzika ta ce, “Ranka ya daɗe, a nan za ka zaunar da mutanen nan?”

Arzika mutum ne da ya yi yawo, ba ya son a ga mamakinsa. Ya ce, “Ke tsohuwa, a ina kika iya Hausa?”

Ta ce, “Gado ce. Ba ku ne farkon zuwa ba. Kakar kakata da mutanenku ta zo, kuma akwai labarin da ta bar mana. In ka ji shi, sai a ci gaba da yankan.”

Ya ce, “Wuyanki kike nema wa tsawon kwana.”

Ta ce, “Naman jikina ya fi takalminka tauri. Duk wanda ya ci ni, shi ya kamata a yi wa jaje.”

Arzika ya ɗaga wa mai wuƙa hannu. Akuya ta kwanta ta naɗe ƙafafu, ta ce ga hikayar Sarkin Noma Tunau da yayarsa Hakama.

“Tunau shi ma teku ce ta jefo shi nan da jama'arsa. Ya zaga kamar yadda ka zaga, ya zo kwarin nan, ya damƙi ƙasa ya sunsuna, har da ɗanɗanawa, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga irinta ba. Yayarsa Hakama, wadda ke kula da awakin ayarin, ba ta dubi ƙasa ba. Sama ta duba. Ta ce, ‘Tunau, ina za a yi kasuwa?’ Ya ce, ‘Yaya, ba mu yi bukka ba, kina zancen kasuwa?’ Ta ce, ‘Inuwar nake tambaya. Na bi kwarin nan daga wannan baki zuwa wancan, ban ga bishiyar da mutum biyu za su zauna a gindinta ba. Duk sa'annin juna ne. Ina iyayensu?’ Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Ta ce, ‘Haka Mantau ya ce.’ Ya ce, ‘Wane Mantau?’ Sai ta ba shi hikayar Mantau mai gudun furfura.

“Ta ce, ‘Mantau wani mutum ne da wanzami ya tsinto masa farin gashi guda ɗaya a gemu. Ya kasa cin abinci. Ya bar garinsu yana neman inda ba a tsufa. Bayan doguwar tafiya ya faɗa wani ƙauye a bakin tafki. Ya shiga kasuwarsu, bai ga mai sanda ba, bai ga mai furfura ba, liman ma gemunsa bai gama fitowa ba. Mantau ya ce ya gano sirrin, ruwan tafkin ne. Ya yi gida a bakinsa, yana sha safe da yamma, har da guzuri in zai je gona. Da aka kwana biyu ya ga ana kawo masa shari'a, ana durƙusa masa a hanya, yara na ce masa Kaka. Ya je wurin mai gari, wani saurayi, ya ce, “Wai wane ne babba a garin nan?” Mai gari ya ce, “Kai ne, Baba.” Ya ce, “Iyayenku fa?” Mai gari ya nuna masa bayan gari, inda aka jera tudun ƙasa, ya ce, “Ruwan nan da kake yabo gaskiyarka ne, ba ya barin kowa ya tsufa. Cikin mutum yake kumburawa. Mu mun rasa wurin zuwa ne, kai kuwa mun ga kana son sa, shi ya sa ba mu ce kome ba.” Burin Mantau ya cika. Farin gashi na biyu bai same shi ba.’

“Hakama ta ce, ‘Ka ji, ƙanena. Wurin da ka ga yara zalla, kafin ka yaba lafiyarsu ka tambayi abin da ke kwashe manya.’ Tunau ya ce, ‘Yaya, labarin ruwa kika ba ni, ni kuwa ƙasa zan noma.’

“Ta kora awakinta ta koma gefen iska, wurin karkatattun itatuwa. Shi ya sare nasa ya yi gona. Kuma ba zan rage masa ba, ranka ya daɗe, gona ta yi. Kabewa guda sai an kama wa mutum kafin ya ɗora a ka. Duk kaka yakan aika wa yayarsa da ɗaya, tare da saƙon a gaishe da tsakuwa. Ita kuma takan ci, don kabewa ba ta yi mata laifi ba.

“Wata rana da hantsi rafi ya yi zafi, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, ƙasa ta yi gurnani. Dutsen ya buɗe baki ya amayo narkakkiyar wuta, ta gangaro a hankali, ba gudu take ba, kamar mai zuwa gidan da ya saba. Kwarin nan hanyarta ce. Jama'a suka tsere wurin Hakama. Tunau ya kai rabin hanya, ya tuna da irin kabewarsa, ya koma. Daga baya wani jirgi ya kwashe waɗanda suka rage, aka bar mu, don ba a ga wurin sa awaki ba.”

Akuya ta yi tuƙa kaɗan, sannan ta ce, “Itatuwan da kake gani bayan wutar suka tsiro, rana ɗaya. Shi ya sa kansu ɗaya. Dutsen nan shi ma manomi ne, ranka ya daɗe. Shi ya zuba takin da kake yabo, kuma yakan dawo ya share gonarsa.”

Arzika ya ce, “Da Tunau ya zo, yaya kaurin itatuwan yake?”

Ta ce, “An ce kamar cinyar namiji.”

Arzika ya tashi ya je gindin bishiyar da ke kusa, ya tattare rigarsa, ya jera cinyarsa da ita. Jama'a suna kallo. Ya matsa ga ta biyu, ya sake gwadawa. Bai je ga ta uku ba. Ya sauke riga, ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da ke kan dutsen, ya daɗe yana dubansa.

Ya ce, “Can wurin naku, me ake ci?”

Ta ce, “Abin da ya samu. Ƙasar ba ta da kirki, iska kuma ba ta da kunya. Amma akwai bishiyar da kakar kakata ta sha inuwarta, har yanzu tana nan, ta ƙara muni.”

Arzika ya juya ga jama'arsa ya ce kowa ya ɗaure kayansa. Wani ya yi gunaguni a kan baƙar ƙasar, madugu ya ce duk mai so ya cika buhu ya ɗauka, ba a hana ba. Mai wuƙa ya ce, “To, sadakar fa?”

Arzika ya ce, “A kama kifi. Na zaga tsibirin nan kaf, tsohuwa ɗaya na samu mai magana, ita kake so ka yanka?” Ya kwance wa akuyar igiya da hannunsa, ya gyara rawani, ya ce, “Iya, shige gaba. Ki bi da mu ta inda ba ya cin takalmi.”