Mai Zane da Faɗa-wuta

Akwai wani tsohon mai zane da ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙwari a littattafan makaranta. Wata rana likita ya gaya masa idanunsa na mutuwa, kuma ba magani.

Sai ya ƙudurta cewa zanensa na ƙarshe mazari ne, irin mai fiffike kamar gilashi da ke shawagi a kan rafin dutse.

Autarsa ce ke riƙe masa jaka su hau dutsen. Hanyar ta ratsa kurmi, inda wata safiya Auta ta tsaya cak.

"Baba, dubi wannan faɗa-wutan a jikin bishiya. Ko motsi ba ya yi. Ka zana shi mana."

Ya ɗan leƙa. A lokacin yana iya ganin siraran layukan da ke fiffiken, kamar saƙar hannu.

"Wannan mai kama da tsumman goge tukunya? Auta, mazari haske yake sawa a jiki. Wannan ko ɓuya ce sana'arsa."

"To ai shi ya yarda a kalle shi."

"Mummuna dama ba ya tsada."

A bakin rafi kuwa mazari bai san da zaman wani tsoho ba. Kafin ya ɗora fensir a takarda, mazarin ya wuce. In ya sauka a kan dutse, ƙyallin ruwa ya cika wa tsohon ido da hawaye. Kullum su sauko da zanen fiffike ɗaya, ko na rabin jela.

Damina ta ja baya, ganinsa ma haka. Ranar da ya ji Auta ta ce "ga shi can" bai ga komai ba sai fari, ya rufe littafinsa.

"Mai da ni wurin mummunan nan," ya ce a hankali.

Suka dawo kurmi. Ta yi ta dubawa har ta samo wani a jikin bishiya, ta kamo hannun uban ta tsayar da shi.

Ya ƙura ido. Ɓawon bishiya kawai yake gani, shi ma dishi-dishi.

"Ya tashi ne?"

"Yana nan, Baba. Hancinka ya kusa taɓa shi."

Ya daɗe a tsaye da fensir a hannu. Auta ta juya baya don kada ya ji kukanta.

Darasi: Kada ƙyallin abin da ke guje maka ya sa ka raina wanda ya tsaya dominka, don ido da lokaci duk aro ne. Ku tura wa wani, wataƙila nasa faɗa-wutan na nan yana jiransa.