Baƙin Tsako a Akurkin Fararen Kaji

Akwai wani mutum, manomi, wanda ba ya son ganin kaza sai fara. Da mahaifiyarsu ta rasu, ta bar kaji goma sha biyu, aka ce shi da ƙanensa su raba. Shi ne babba, don haka aka ce ya fara zaɓa. Ya ɗauki farar kaza guda ɗaya, ya ce sauran duka na ƙanensa ne. Ƙanen ya kwashe jajaye da baƙaƙe da wake-wake ya kai gidansa. Danga ɗaya ce ta raba gidajen biyu.

Mutumin ya zaga ƙauye uku kafin ya sami farin zakaran da ya gamshe shi. A garin nan kowa sakin kajinsa yake yi, su yi kiwo inda suka ga dama, zakaran kowa ya bi kazar kowa. Shi bai saki nasa ba. Ya kewaye musu fili da zana, ya gina akurki, ya shafe shi da farar ƙasa ciki da waje, domin yana tsammani abin da kaza take kallo shi take zubawa cikin ƙwai. Farar dawa yake ba su, ba ya ba su ja. In tsako ya tasa sai ya ɗaura masa zare a ƙafa, don ya san ɗan wace kaza ne.

Shekara biyu duk abin da aka ƙyanƙyashe fari ne fat. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna leƙe ta kan zana. Mutumin yana jin su, yana kuma jin daɗi.

A shekara ta uku matarsa ta sa wa wata kaza ƙwai goma sha biyu. Ta ƙyanƙyashe su duka. Uku daga ciki baƙaƙe ne kamar gawayi. Mutumin ya sunkuya a kansu ya dube su. Da ya ɗaga kai sai ya ga jan zakaran ƙanensa a kan danga yana cara.

Ya ce, "Ga ɓarawon can."

Matar ta ce, "Maigida, jan zakara ne ya haifi baƙin tsako?"

"Ke me kika sani game da kaji?"

"Ni ce dai mai share kashinsu."

Bai saurare ta ba. Ya ɗauki taɓarya ya jefi zakaran, ya faɗi can cikin gidan ƙanen, bai sāke tashi ba. Ƙanen ya zagayo riƙe da mushen a hannu, ya ce, "Yaya, me wannan ya yi maka?"

"Ya ɓata mini iri."

"Yaya, tsaya ka ji. Ita farar kazar nan..."

"Ba ni da abin ji. Fita mini daga gida."

A makon nan ya tumɓuke dangar, ya kwaɓa ƙasa, ya ja katanga har ta wuce tsawon mutum. Gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Ran Lahadi wannan ya zauna gabas a majami'a, wancan ya zauna yamma.

Daga nan mutumin bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Yana cikin noma sai ya yar da fartanya a tsakiyar kunya, ya koma gida ya duba ko wani abu ya tsallako. Ana sujada a majami'a, kafin a sa albarka ya fice. Abinci a tsaye yake ci, idonsa yana kan katanga. Kowace safiya sai ya kama kajin ɗaya ɗaya, ya buɗe fiffike, ya hura gashin wuya, ya duba ƙarƙashin wutsiya. Wadda ya sami ɗigon baƙi a jikinta, ko bai fi ƙwayar gero ba, wuƙa. Matar ta ce, "Mata a bakin rijiya suna tambaya ko biki muke yi kullum. Ban san abin da zan ce musu ba." Ya ce, "Ki ce musu su kula da gidajensu."

Tsohon zakaran ya mutu. Mutumin ya ƙi neman wani a waje, domin bai amince da jinin kowa ba. Ya haɗa wa da ƙanwa, ya haɗa ɗa da uwa, duk cikin gida. Farin ya ƙara haske, gaskiya ne. Amma kajin suka soma ƙanƙancewa. A sa ƙwai goma sha biyu, bakwai su fashe, sauran bara-gurbi. Shekara mai zuwa huɗu. Waɗanda suka fito ma, wani yatsu a tanƙware, wani ƙafa a ware, wani ya kwana biyu ya sandare. Duk da haka lokaci lokaci baƙin yana fitowa. In ya fito, sai mutumin ya ƙara wa katanga tsawo.

Har ya zama kaza uku suka rage, da zakara ɗaya mai shaƙaƙƙiyar murya. Sai ya rufe saman filin da raga, ko tsuntsu ba ya shiga. Ya sa ƙofa, ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Ya hana matarsa shiga. Shi yake ba su ruwa, shi yake ɗibar ƙwai, shi ya jera su a ƙarƙashin kazar da ta yi kwanci. Kwana ashirin da ɗaya yana kai da kawowa tsakanin gona da akurki, har ciyawa ta cinye masa gyaɗa.

Ƙwai biyu suka fashe. Ɗaya fari, bai iya ɗaga kai ba, kafin rana ta yi tsaka ya mutu. Ɗaya baƙi ƙirin, yana tsalle yana neman abinci. Kwana uku bayan haka zakaran ma ya kwanta gefe guda, ya miƙe ƙafa.

Mutumin ya bi katanga da yatsa yana neman rami. Ya hau ya bi ragar kusurwa kusurwa. Ya jijjiga ƙofar. Ya sāke zagayawa, ya kuma zagayawa. Matar tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Makulli yana wuyanka, Maigida. In wani ya shiga, kai ne."

Ya sa baƙin tsakon cikin hularsa, ya nufi gidan ƙanensa, ƙofar da ya shekara huɗu bai taka ba. A hanya yana shirya yadda zai ce an musanya masa ƙwai, ko da yake shi kansa bai ga ta inda za a yi ba. Ya tarar da ƙanen yana watsa wa kajinsa tsaki, sun cika tsakar gida, kowace da irin launinta. Bai yi sallama ba. Ya miƙa hular ya ce, "Duba."

Ƙanen ya leƙa. Ya yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Baƙar kazar Inna ce ta dawo."

"Wace baƙar kaza?"

"Wadda take ƙwai a bayan randa. Farar da ka zaɓa ranar rabo ai 'yarta ce, Yaya. Kana ci-rani aka ƙyanƙyashe ta. Ni na ga ƙwan da idona a gurbin. Ubanta ne fari, sai farin ya rufe baƙin, amma yana nan a jininta. Ta ba 'ya'yanta, su ma suka ɓoye shi. Ranar da ka haɗa biyu masu ɗauke da shi, ya fito."

"Amma duk mai baƙi na yanka."

"Ka yanka waɗanda ya bayyana a jikinsu. Waɗanda suka ɓoye shi su ka bari, kana ba su farar dawa. Maganar da na ɗauko ke nan ranar da ka kore ni."

Mutumin ya daɗe yana kallon cikin hular. Can ya ce, "Ashe a banza na kashe maka zakara."

"Ba a banza ba. Mun ci shi. Tauri gare shi kamar igiya."

Ƙanen ya shiga cikin kajin, ya cafko wani jan zakara mai faɗin ƙirji, jikan wancan, ya ɗora wa wansa a hannu. Ya ce, "Kai wa kajinka. Amma ka sani, in ya shiga, fari zalla ya ƙare a gidanka."

Mutumin ya komo ya tsaya a ƙofar akurki, zakara a hammata, hula a hannu. In ya buɗe, aikin shekara bakwai ya tafi. In bai buɗe ba, kaza ukun nan su ne na ƙarshe. Ya taka gaba, ya ja baya. Matar ta wuce da tulu, ta dawo, yana nan. Ta ce, "Ko ka buɗe, ko ka kawo in sa ruwa a wuta. Hannunka zai sage."

Ya cire makullin daga wuyansa ya buɗe.

Kwancin da ya biyo baya, ƙwai goma sha biyu, sha ɗaya suka fashe. Akwai ja, akwai baƙi, akwai wake-wake, akwai farare huɗu. Fararen ya fara ƙirgawa, don hali ba ya fita rana ɗaya. Sa'an nan ya koma ya ƙirga su duka. Da rani ya huda ƙofa a jikin katangar.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne.

Farar kazar, mu ne. Baƙin da yake ɓoye cikin jininta, zunubi ne. Ba maƙwabci ne ya jefo mana shi ta kan danga ba, da shi aka haife mu. Farar ƙasa a bango da farar dawa, su ne wankakkiyar rigar Lahadi da iya waƙa da iya addu'a mai tsawo. Ba na raina su. Amma ba sa kaiwa cikin jini. Mai wanke can ciki ɗaya ne, Yesu Almasihu, shi kuwa ba ya wanke wanda ya ce ba shi da dauɗa.

Jan zakaran, shi ne mutumin da ka ɗora wa laifin abin da ya fito daga gidanka. Ɗanka ya yi sata, ka ce 'ya'yan wane ne suka lalata shi. Bakinka ya yi zagi, ka ce matarka ce ta tsokane ka. Ka duba da kyau. Mai yiwuwa halinka ne ya dawo, kamar baƙar kazar Inna.

Akurkin mai kwaɗo kuwa, ina tsoro kada ya zama ikkilisiyar nan. Mun iya buɗe fiffiken juna. Wance ta makara, wane an gan shi a inda bai kamata ba, wancan ba ɗan yarenmu ba ne. Horon masu laifi yana da wurinsa, ni ma na zauna inda aka yanke shi, wani daidai, wani ina nadama har yau. Amma wanda aka kama shi ne wanda nasa ya bayyana. Mu da muka iya ɓoyewa muna nan a bencin gaba. Ku waiwaya ku ƙirga bencin da ba kowa a kai. Da can ba haka yake ba. Jama'ar da ba ta karɓar kowa sai irinta, ba za ta daɗe ba, ƙwanta bara-gurbi ne.

Ku lura kuma, duk shekarun nan mutumin bai huta ba. Mai tsaron farinsa da ƙarfin kansa ba ya hutawa, domin kullum akwai gashin da bai duba ba. Ya sami hutu ranar da ya ɗauki baƙin tsakon, ya kai wa wanda ya zalunta, ya ce, "Duba."

Kowane ɗayanku ya san ƙofar da ya daɗe bai taka ba. Ba sai na ambaci suna ba. Kada Lahadi mai zuwa ta same ku ba ku je ba. Makullin yana wuyanku.