Ƙwaryar Gero da Tsohon Haske

Akwai wata tsohuwa, gwauruwa, wadda take noma gonar da mijinta ya bari. Wata shekara irin da ya rage mata bai wuce ƙwarya ɗaya ta gero ba. In ya lalace a ƙasa, ba ta da wani.

Mijin nata ya koya mata duban taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Muddin rana ta faɗi ana hango su a yamma, da sauran bazara, ba a shuka. Sai sun sauka sun ɓace, sannan damina takan zauna.

To, a shekarar nan ruwa ya yi sauri. Aka yi mamako guda, ƙauye kaf ya fita da sungumi. Tsohuwa ta dubi yamma da almuru, ga Kaza tana nan daram. Ta rufe ƙwaryarta da faifai.

Mijin 'yarta malamin makaranta ne, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ya shuka tasa gonar, bayan kwana huɗu ya zo gaishe ta.

"Mama, kowa ya shuka sai ke. Me kike jira?"

Ta nuna masa yamma da baki.

Ya yi dariya. "Mama, ai wannan tsohon labari ne. Ba abin da ya kai haske gudu. Daga rana zuwa nan minti takwas yake yi, kafin ki gama dama kunu. Amma taurarin nan, saboda tsabar nisa, haskensu ya fi shekara ɗari huɗu a hanya. Ya taso tun ba a haifi kakan kakanki ba. Me ya sani game da ruwan bana?"

Maganar ta shige ta. Da safe ta ɗauki ƙwarya da sungumi har bakin gona. Ga gonakin maƙwabta sun yi kore shar, tata kuwa fayau. In ruwan ya ɗore, ita ce za ta makara, tsuntsaye su cinye geronta bayan kowa ya girbe. Ta dumbuzi irin a hannu, ta daɗe a tsaye. Sai ta mai da shi, ta nufi gidan surukin.

"Malam, a hanyar nan da hasken ya biyo, akwai zango?"

"Babu, Mama. Ba ƙasa, ba iska, sai duhu da sanyi."

"Duhun bai cinye shi ba?"

"Duhu ba ya iya tare shi."

"Yakan ratse? Yakan rage gudu don gajiya?"

"In ba abin da ya gitta masa, miƙe yake tafiya, gudunsa ɗaya."

Tsohuwa ta gyara ɗaurin zaninta. "Ni na sha aiken ƙato kasuwar nan kusa, ya dawo da yamma da rabin saƙo. Ga ɗan aike ya yi shekara ɗari huɗu cikin duhu, bai zauna ba, bai ratse ba. Shi kake so in ƙi, in bi ruwan kwana ɗaya? Karatunka ya amfane ni, Malam. Kai ne bai amfana ba."

Ruwa kuwa ya ɗauke, har kwana ashirin da uku. Tsiro ya ƙone a ramukansa. Sannan Kaza ta ɓace, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ta ruwa. Sai ga suruki da hula a hannu, ba shi da ko ƙwayar iri. Tsohuwa ta ɗibar masa daga ƙwaryarta.

"Karɓi, jikokina ba za su kwana da yunwa ba. Amma kai za ka yi mini sara da sungumi, ni ina binka da iri."

Da kaka rumbunta da na surukin suka cika har baki. Damin farko, ita da kanta ta ɗauka a ka, ta kai ɗakin sujada tana waƙa.

Yanzu ku buɗe kunne ku ji ma'anar misalin. Irin nan ranku ne, ɗaya kuwa aka ba kowa. Ruwan farko shi ne duk wani sabon abu da jama'a suke rugawa gare shi. Hasken kuwa Maganar Allah ce. Za a ce muku tsohuwa ce, an aiko ta tun zamanin da. Kada ku yi gardama, gaskiya ne, kamar yadda surukin nan bai yi ƙarya ba. Amma ku tambaye su abin da ta ratso kafin ta iso. Ta ratso sarakunan da suka hana ta, ta ratso kurkuku da wuta, ta ratso kabarin da aka sa Ubangijinmu Yesu, ba wanda ya tare ta, har ta same ku zaune a kan bencin nan. Saboda haka in kun ga kowa ya ruga, ku riƙe ƙwaryarku, ku duba abin da Allah ya faɗa tukuna. Wanda ya jira ya shuka a kan Maganarsa zai ci, har ya ciyar da masu yi masa dariya.